Hannun Goggo da Sauran Hotunan Unguwarmu

Lahadi, 1 ga Disamba, 2024

Yau kyamarar ta shigo hannuna. Nikon D3100 ce, ta hannu, da gilashinta na 18-55. Wani abokin aikina ne ya taho min da ita daga Jos, naira 130,000 har da caja da batir ɗaya da jakar da zif ɗinta ya mutu. Adashen wata shida ne ya tafi a kanta. Tsohuwar ƙira ce, tun 2010 aka fito da irinta, kuma ba ta tura hoto zuwa waya sai an zare memori. Amma maɓallinta yana amsawa, gilashin ma babu tabo.

Bari in rubuta dalilin wannan aiki tun yau, don ranar da na gaji in dawo in karanta. Bayan rasuwar Inna bara, Allah Ya jiƙanta, da muka buɗe akwatinta hotuna goma sha ɗaya muka samu. Duk na Sallah ne da na biki, an zauna a situdiyo an ɗora hannu a cinya, labule mai furanni a baya. Babu ko ɗaya da ya nuna ta a gaban tanda, alhali sama da shekara talatin ta yi tana suyar masa a ƙofar gidanmu a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, da kuɗin masar nan na yi karatu. Kwanaki babbar 'yata ta ce in kwatanta mata yadda kakarta take zama in tana suya. Na buɗe baki, sai na ji ina kokwanto: da dama take juya masa ko da hagu? Abin da na kalla kowace safiya tun ina rarrafe. Ya tsaya min a rai har yau.

Niyyata in riƙa ɗaukar hoto kowace rana daga nan zuwa bakin azumi, na abubuwan da muke wucewa kullum ba mu ɗaga kai mu kalla ba. A ƙarshe in zaɓi arba'in in wanke in sa a albam.

Talata, 3 ga Disamba

Na sayi memori mai giga 64 a wani shago, naira 4,500. Na ji araha na yi murna. Na haɗa da ɗan abin da ake zura memori a jona da waya, 2,500. Da yamma na zaga layinmu kyamara tana kan oto: mai shayi yana jera gwangwanayen madara, akuyar maƙwabta a kan tarin bulo, yara suna langa. Hoto sittin da biyu, huɗu ne suka yi min.

Alhamis, 5 ga Disamba

Bayan sallar asuba na wuce gidan Goggo. Ƙanwar mahaifinmu ce, kuma ita ta gaji tandar Inna, ta ƙasa mai gurbi tara, ɗaya ya gutsure a baki. Na tarar ƙullu ya tashi, ta riga ta hura wuta. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, "Ɗan nan, in hoto kake so ka bari in gama in yi wanka in sa atamfa mana." Na ce, "Goggo, a haka nake so, da zanin aikin." Ta ce ita ba ta ga abin kallo a tsohuwa da hayaƙi ba, amma in yi abin da ya kawo ni, kada dai in tare wa masu saye hanya.

Na fara da oto, sai fitilar kyamara ta tashi ta haske mata fuska. Hoton ya fito fari fat, jan garwashi ya ɓace, hayaƙin ya zama kamar an yafa farin gyale. Goggo ta ce in daina kashe mata ido. Na kashe fitilar, sai wata matsalar ta taso. Gari bai gama wayewa ba, kyamara ta riƙa jinkirin ƙyaftawa, 1/15 na daƙiƙa, hannun Goggo kuwa ba ya jiran kowa. Ta ɗiga mai, ta zuba ƙullu da ludayi gurbi bayan gurbi, kafin ta kai na tara na farko ya fara 'yan hudojin nan a sama, ta sa cokali ta kewaye gefensa ta kifar. A duk hotunan hannun ya zama inuwa.

Da na taso daga makaranta na zauna da littafin kyamarar da na sauke a waya. Abin da na gane shi ne abu uku ke riƙe da hasken hoto: faɗin ƙofar gilashi, tsawon lokacin da haske ke shiga, sai ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa kanta jin haske. In ka taɓa ɗaya sai ka biya a ɗayan. Gilashina ba ya buɗewa fiye da f/3.5, shi ma sai in ban jawo abu kusa ba. Da zarar na jawo zuwa 55 ya koma f/5.6, haske ya ragu. Ke nan gobe in matsa da ƙafata in bar jawowa.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na koma. Na murɗa zuwa harafin S, inda kai ke zaɓar tsawon lokacin da haske ke shiga, na sa 1/125 na daƙiƙa, ISO 1600. Hannun ya tsaya cak. Akwai ɗan tsaki-tsaki a wuraren duhu, bai dame ni ba. Guda ɗaya ya kama masa tana tsakiyar kifewa a kan cokali, gefenta ya yi ja, ga tsoffin tabon ƙunar mai a bayan hannun Goggo ana iya ƙirga su. Na sayi masa ta 500 da miyar taushe na kai gida.

Litinin, 9 ga Disamba

Wanzami a gindin dalbejiya. Telan bakin masallaci da tsohon kekensa na ƙafa.

Laraba, 11 ga Disamba

Babu wuta kwana biyu, batir ya mutu. Na kai caji, naira 200. Da waya na ɗauki na yau.

Asabar, 14 ga Disamba

Kasuwar Muda Lawal tun ƙarfe bakwai, lokacin da ake sauke kayan gwari. Kwandunan tumatir, buhunan tattasai da attaruhu, kankana an jibge kamar duwatsu. Na tsaya wurin wani dattijo mai albasa na yi sallama na nemi izini. Ya ce, "Malam, ɗan jarida ne?" Na ce a'a, malamin firamare ne, albam nake haɗa wa 'ya'yana. Ya yi dariya ya gyara hularsa, ya miƙe ƙam kamar za a yi masa fasfo. Na ɗauka haka don in faranta masa, sannan na zauna a bencinsa muna hirar tsadar mota. Sai da wata mata ta zo suka shiga ciniki ya manta da ni, a nan na samu abin da na zo nema: yana ɗora gyara a kan kashi, bakinsa yana rantsuwa ya faɗi, hannunsa kuma yana ƙara albasa.

Wani abu da ban sani ba sai yau: rumfar da aka rufa da shuɗiyar leda tana rina fuskar mutum. Duk wanda na ɗauka a ƙarƙashinta ya fito kamar mai jinya. Sai dai in jira ya leƙo waje.

Laraba, 18 ga Disamba

Yau na yi kuskure, kuma laifina ne.

Da la'asar na bi ta wurin rijiyar burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke layi. Kurorinsu a jere, kowace da jarkoki rawaya, rana ta bayansu tana ratsa ƙura, ruwan da ke tsiyaya yana ƙyalli. Na ji in na tsaya sallama abin zai watse, sai na ɗaga kyamara daga tsallaken titi na ɗauki guda biyar. Wani daga cikinsu, babban mutum da zai yi sa'an yayana, ya saki kurarsa ya tsallako. Ya ce wa ya ba ni izini? Ya ce su ba abin kallo ba ne, neman halak ɗinsu suke yi. An taɓa ɗaukar wani ɗan uwansu a waya aka watsa a TikTok da waƙa ana dariya, har labari ya kai garinsu, matarsa ta gani. Mutane suka fara taruwa, wani daga baya yana cewa a karɓe kyamarar, ba a san wanda ya turo ni ba. A zamanin nan na rashin tsaro ba zan ga laifin mai wannan magana ba.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, gaskiyarka ce." Na juya masa bayan kyamarar na goge su ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Allah Ya kawo ladanin masallacinmu, ya ce ya san ni ya san iyayena, sannan aka watse. Mutumin bai ce ya haƙura ba, ya koma ya kama kurarsa.

Har na kwanta ina jin abin. Na ce ina so in adana mutuncin aikin Inna, ga shi na je na ɗauki masu aiki irin nata kamar ba su da ta cewa. Da a gaban tandarta wani baƙo ya tsaya daga nesa ya yi haka, ni ne zan fara tsallakawa. Daga yau sallama kafin kyamara, ko da hasken zai wuce. Matan aure sai da yardarsu da ta gidansu, yara sai na ga babba. Kuma babu fuskar da za ta hau intanet.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na je gaida Kawu a zaurensa. Ya ji labarin abin da nake yi. Ya tuna min hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, ya ce ya san malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, amma shi bai taɓa yarda an ɗauki fuskarsa ba sai don takardar Hajji da katin ɗan ƙasa. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba zan rataya a bango ba, albam ne za a rufe a ajiye." Ya yi shiru, can ya ce in ɗauki allo da kurtun tawada, har hannunsa ma in ina so. Haka aka yi. Alƙalamin gamba a tsakanin yatsu uku, baƙin tawada ya zauna a gefen farce, rubutu yana sauka a kan allon da aka wanke har ya yi santsi. Yana cikin mafi kyawun abin da na ɗauka zuwa yanzu.

Asabar, 28 ga Disamba

An yi mana hutu, na tafi ƙauyenmu ta hanyar Dass, gidan Baffa ana casar dawa. Kuɗin mota zuwa da dawowa 3,000. Na nemi izinin kowa tun daga ƙofar gida. Mata suna bugu da sanduna suna waƙa, wasu suna shiƙa da ƙwarya, ƙaiƙayi yana tashi iska tana kwasa, rana ta faɗuwa ta mayar da shi ruwan zinariya. Matar Baffa ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, hatsi yana zubowa kamar igiya. Don batir ya kai ni yamma na kashe nunin hoto a bayan kyamara, ban duba ko ɗaya ba. Sama da ɗari biyu na ɗauka. Na dawo da ƙaiƙayi a wuya da farin ciki.

Lahadi, 29 ga Disamba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hotunan jiya babu.

Sunayensu suna nan a jere, amma in na taɓa sai kyamara ta ce ba za ta iya nunawa ba. A waya ma haka. Goma sha huɗu na farko ne kawai suka buɗe, su ma na hanya ne da na gaisuwa, kafin a fara aiki. Na kai wa ɗan wani abokina da ke gyaran kwamfuta. Ya fara kwashe waɗanda ke da rai, ya gwada manhajar ceto hotuna har kashi biyu, ba ta samo komai na jiya ba. Sannan ya gwada memorin da wata manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika shi da bayanai ta sake karantawa don ta ga gaskiyar cikinsa. Giga 8 ne. An rubuta 64 a jiki, an kuma shirya shi ya riƙa faɗa wa kyamara 64, amma da zarar an cika takwas ɗin gaskiya, duk abin da ya biyo baya suna kawai yake ajiyewa. Tun 3 ga wata nake tara hotuna a kai ban rage ba, ashe jiya da hantsi ya cika.

Na koma shagon. Yaron ya ce kaya in ya fita ya fita, shi ma haka aka kawo masa. Ban tsaya jayayya ba, kuɗin ba su ne suka dame ni ba. Casa sai baɗi, in da rai, kuma matar Baffa ta tsufa, ta faɗa min da bakinta bana ce ta ƙarshe da za ta ɗaga ƙwarya.

Na sayi wani mai giga 32 a wani wurin, naira 7,500, sai da aka gwada shi a gabana na karɓa. Na sayi filash na ajiyar hotuna 5,000. Kowane dare zan kwashe na ranar zuwa waya, kowace Juma'a zuwa filash.

Laraba, 1 ga Janairu, 2025

Ban fita ba. Inuwar igiyar shanya a bangon tsakar gida.

Asabar, 4 ga Janairu

Madatsar Gubi, inda ruwan famfon garin nan ke fitowa. Hazo ya rufe tsallaken, kwalekwalen masunta kamar a iska yake tafiya. Hazon hunturu yana kashe launi, amma yana tausasa inuwa, ko da rana tsaka fuska ba ta yin baƙi a ƙarƙashin hula. Keke Napep da ɗan abin taɓawa 2,200.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na fara bin ƙofofin gari: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa, da tamu ta Jahun. Ganuwar da aka yi tun zamanin Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, yawancinta gine-gine sun cinye, sunayen ƙofofin ne suka fi rayuwa a bakin 'yan Keke Napep. Na matse ƙofar gilashi zuwa f/16 don komai ya fito tar, sai ga ɗigo uku baƙaƙe a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoto. Na goge gilashi, suna nan. Ƙura ce ta shiga ciki ta zauna a kan sansa, farantin da haske ke sauka. In ƙofar a buɗe take sosai ba a ganinsu, sai an matse.

Kyamarar tana da wurin da ake umartarta ta kaɗe kanta, na yi sau uku, ɗaya ya tafi. Na sayi roba mai hura iska, naira 3,000, na cire gilashi a ɗaki bayan na yayyafa ruwa a ƙasa, na kifa bakin kyamarar ƙasa na hura. An gargaɗe ni kada in kuskura in hura da baki ko in sa tsumma. Wani ya sake tafiya, saura ɗaya a kusurwar hagu ta sama, na bar shi. Yanzu a cikin leda take kwana, a cikin leda take fita.

Laraba, 15 ga Janairu

Yau shekara 59 da juyin mulkin 1966, wanda a cikinsa aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na kai yara kabarinsa bayan an tashi makaranta, na nemi izini kafin in fito da kyamara. Hanyar shiga duhu ce da gangan, haske yana ɗan ratsowa kaɗan-kaɗan, sai ka ɓulla fili babu rufi, kabarin yana nan ba ado. Kyamara ba ta iya haɗa duhun da hasken a hoto ɗaya yadda ido ke yi. Na zaɓi hasken, yaran suka fito baƙaƙen siffofi suna hawa zuwa gare shi. Ƙaramin ya ce ai ya san mutumin, shi ne a jikin naira biyar. Na yi tunanin hotunan Inna goma sha ɗaya a hanyar dawowa.

Litinin, 20 ga Janairu

Maƙeri yana gyaran bakin fartanya. 1/500 ya tsayar da tartsatsin.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin wanki, guda biyar a girman 5x7, naira 400 kowanne. Abu biyu suka ba ni matsala. Duk sun fi yadda nake gani a waya duhu, domin fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa sai abin da ya sauka a kanta. Na asubar Goggo ya kusa zama baƙi. Abin da ya fi ci min rai, an yanke mata gwiwar hannu da rabin ludayi. Ba laifin mai wankin ba ne: hoton kyamarar nan uku ne a tsawo biyu a faɗi, wanda ke zama daidai a 4x6 ko 8x12, amma 5x7 sai an datse gefe. Na ƙara haske a waya, na ce a sake a 4x6, naira 250 kowanne. Sun fito daidai.

Talata, 28 ga Janairu

Wani matashi cikin 'yan ga-ruwan nan ya tare ni, ya ce yana son hoto da kurarsa ya aika wa mahaifiyarsa. Na ɗauka inda ya zaɓa, yadda ya zaɓa. Babban nasu yana gefe yana cika jarka. Na gaishe shi ya amsa, bai ɗago ba, ni ma ban juya kyamara wajensa ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na kai wa Goggo nata bayan ta sauke tanda. Ta goge hannu a zani ta karɓa ta gefe-gefe, ta kai shi nesa da ido. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe haka hannun nan ya koma." Sai ta sa yatsa a kan gurbin da ya gutsure, ta ce ranar sunana ya gutsure, wata 'yar biki ta buge shi da muciya, Inna ta hana a sayi wata.

Na ce, "Goggo, da wane hannu Inna take juya masa?" Ta dube ni kamar na tambayi sunan garinmu. Ta ce da hagu mana. Da dama take cin abinci, da dama take miƙa canji, amma cokalin suya a hagu yake, shi ya sa take zama bango yana damanta. Ta tashi ta ja kujerar 'yar tsuguno ta gwada min zaman, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a naɗe. Na ɗauka. Da dare na nuna wa babbar 'yata.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau, ban da kuɗin kyamara: memori biyu 12,000, abin jonawa 2,500, filash 5,000, robar iska 3,000, wanki 3,500, mota da caji wajen 7,000. Jimla 33,000. Wankin arba'in a 4x6 zai ci 10,000, albam mai leda an ce min 6,000. Na zaɓi ashirin da bakwai, saura goma sha uku. Zan bar shafi biyu babu komai don casar baɗi. A bayan kowane hoto zan rubuta rana da wuri da abin da ake yi, da fensir, don biro yana ratsa takarda.

Azumi farkon Maris, in an ga wata. Ina son suyar ƙosai dab da magariba, da layin kunu a ƙofar masallaci, da 'yan tashe in an kwana goma, kuma duk cikin ƙarancin haske ne, gilashina ba zai iya ba. Akwai gilashi 50 mai f/1.8 tsohon ƙira mai araha, amma D3100 ba ta da injin saita gani a jikinta, sai gilashi mai AF-S ne ke saita kansa a kanta. Ke nan 35 mai f/1.8 nake nema, na hannu. Na yi wa abokina na Jos magana ya tambayo min kuɗinsa. Kwasar adashe ta gaba sai ƙarshen Afrilu, zan roƙi mai kwasar wannan watan ko zai yarda mu yi musanya.